Yadda Za Ka Kare Gyaɗa da Masara Daga Fumfuna Mai Dafi, Tun Daga Gona Har Tukunya

Duk mai cin gyaɗa ya san wannan ƙwayar: kana cikin tauna sai ɗaci ya cika maka baki, ka tofar. In ka ɓare irinta ka duba da kyau, za ka tarar ta yanƙwane, fatarta ta dushe, a tsakanin ɓari biyun kuma akwai wani gari-gari kore mai sirkin rawaya. Wannan garin fumfuna ce, kuma cikin ire-iren fumfunar da ke kama amfanin gonarmu babu wadda ta kai ta haɗari. Masana na kiranta Aspergillus flavus, dafin da take zubawa cikin ƙwaya kuma aflatoksin. Ɗacin da ka ji na lalacewar ƙwayar ne. Shi dafin ba ya da ɗanɗano, ba ya da wari, ido ba ya ganinsa, wutar girki kuma ba ta kashe shi. Ka soya, ka dafa, ka gasa, ba ya ƙarewa, domin sai zafi ya haura maki 230 a ma'aunin Celsius kafin ya wargaje, kuma kafin a kai can abincin ya ƙone.

Fumfuna ba tsiro ba ce, ba kuma dabba ba. Danginta su ne naman kazan da ke fitowa a juji da gindin itace da damina, da yistin da ke tayar da ƙullin burodi, da burtuntunar da ke baƙanta zangarniyar dawa, da makeron da ke cin kan yara. Manoman albasa na Goronyo da Wurno sun san wata 'yar'uwarta ta kusa, baƙin garin nan da ke kwanciya a ƙarƙashin ɓawon albasa a wurin ajiya. Yawancin wannan dangi alheri ne gare mu. Su ke ruɓar da kara da ganye da kashin dabbobi su mayar da su taki, kuma daga wata fumfuna Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928. Tunda ba su da koren ganyen da za su haɗa abinci da hasken rana, sai su miƙa siraran zaruruwa cikin abin da suka hau, su narkar da shi su tsotse. Garin da kake gani a waje iri ne kawai, wanda iska da ƙwari ke yaɗawa. Kafin ya bayyana, zaruruwan sun daɗe da ratsa cikin ƙwayar.

Ita wannan mai dafin a cikin ƙasar gona take zaune, babu mai iya raba ta da ƙasa. Abu uku take jira: zafi, da danshi, da ƙofar shiga, wato tsaguwa ko hujin ƙwaro ko raunin fartanya a jikin kwanso. Zafi dai a Sakkwato ba a magana. Saura biyun su ne a hannunmu.

An gano dafin ne bayan da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, aka bi sawu aka tarar da tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Burazil ce sanadi. A 2004 a Kenya mutum 317 suka kwanta bayan cin masarar da aka ajiye da danshi, 125 daga cikinsu suka rasu. Amma irin wannan mutuwa ta farat ɗaya ba ita ta fi yawa ba. Wadda ta fi damuna ita ce ta kaɗan-kaɗan, ta yau da gobe, wadda ke cin hanta shekara da shekaru har ta kai ga ciwon daji. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aflatoksin a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi. A wani bincike da aka wallafa a 2002 kan yara 480 a Jamhuriyar Binin da Togo, an sami alamar dafin a jinin kashi 99 cikin ɗari, ta fi yawa a jikin waɗanda aka yaye, kuma yaran da suka tsumbure sun fi sauran ɗauke da ita. Abincin yayen da suke ci bai bambanta da namu ba sosai: kunu, da koko, da gyaɗa.

Iyakar da aka yarda da ita a Najeriya kashi 20 ne cikin biliyan, wato miligiram 2 kacal a buhu mai kilo 100. Ƙasashen Tarayyar Turai kashi 4 suka yanke wa gyaɗar da za a ci kai tsaye. Dafin kuma ba ya rarraba daidai a cikin buhu. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da kusan dukkansa, wake ɗaya ke ɓata gari. Wannan ne ya sa aikin rage dafin ke yiwuwa ga talaka, ba sai da na'ura ba.

Mataki na farko: kada fari ya riski gyaɗa tana ƙosawa

Mutane da yawa sun ɗauka sai a rumbu fumfuna ke kama gyaɗa. A wajenmu sau da yawa tun tana ƙarƙashin ƙasa ake kamuwa. In ruwa ya ɗauke a makonni huɗu zuwa shida na ƙarshe, ƙasa ta yi zafi ta bushe, tsiron ya galabaita, kwanso ya yi 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani, fumfunar ta samu hanya. Daminar Sakkwato gajera ce, daga wajen watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba, kuma ɗaukewarta ba ta sallama. Saboda haka da zarar ruwa ya zauna ka yi shuka, kada ka bar gyaɗa sai ka gama da gero da dawa sannan ka waiwaye ta. Nemi iri mai saurin nuna irin SAMNUT 24 na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, wanda ke ƙosawa cikin kwana 90 ko ƙasa da haka. Ka zuba takin gida, domin yana riƙe laima a ƙasa mai yashi. Takin supa yana ɗauke da sinadarin da ke ƙarfafa kwanso. In ka yi huɗa, ka datse tsakanin kunyoyi nan da can da 'yar ƙasa, ruwan da ya sauka ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu.

Kada ka maimaita gyaɗa ko masara a wuri ɗaya shekara bayan shekara. Ka riƙa sa gero a tsakani, domin bai cika kamuwa kamar su ba. Ka lura da gara da ƙadandoniya, su ne masu huda kwanso. Maimai kuma a yi shi da wuri, don in gyaɗa ta fara zuba 'ya'ya cikin ƙasa, fartanya na yi mata illa fiye da ciyawar da za ta cire.

Mataki na biyu: sa fumfuna ta kori fumfuna

Ba kowace Aspergillus flavus ke yin dafi ba. Akwai jinsinta da ba su iya yinsa ko kaɗan, kuma a cikin ƙasar Najeriya aka same su. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan, tare da ma'aikatar noma ta Amurka, ta zaɓi guda huɗu daga cikinsu ta shafa su a jikin ƙwayar dawar da aka kashe ta yadda ba za ta tsiro ba, ta rina ta shuɗiya don kada a ci. Shi ne Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Najeriya a 2014. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya da hannu, mako biyu zuwa uku kafin amfanin ya yi fure. Da dawar ta sha danshi sai fumfuna marar dafin ta tsiro a jikinta, ta yaɗu, ta mamaye gonar kafin mai dafin ta samu wurin zama. A gonakin da aka gwada, dafin ya ragu da kashi 80 cikin ɗari ko fiye, kuma kariyar na bin amfanin har rumbu.

Sharuɗɗansa biyu ne. Ƙasa ta kasance da laima ranar watsawa, ko ana sa ran ruwa. Sannan ka gama noma da sa taki tukuna, domin in ka rufe ƙwayoyin da ƙasa ka yi asarar kuɗinka. Ka tambayi malamin gona na yankinku ko dillalan kayan noma. In bai samu ba, kada hankalinka ya tashi. Sauran matakan ba su dogara da shi ba, shi ne ma ya dogara da su.

Mataki na uku: cira a kan lokaci

Kada ka yi hukunci da ganye. Tuge gindi biyar ko shida daga sassa daban-daban na gonar, ka ɓare 'ya'yan. In cikin kwanson ya yi duhu-duhu a bakwai ko takwas cikin goma, ƙwayar kuma ta cika shi, lokaci ya yi. Wanda ya yi gaggawa zai kwashi ƙwaila mai ruwa wadda ba ta bushewa da wuri. Wanda ya yi jinkiri har ƙasa ta ƙeƙashe zai haƙa da ƙarfi ya farfasa kwanso, gara kuma ta riga shi. Gindin da ya mutu tun kafin cira, ka ware shi gefe, 'ya'yansa su ne suka fi kowanne haɗari. Haka gyaɗar kala, wadda yara ke tonowa bayan an gama, kada ta shiga buhun gida.

Masara kuma a karye ta da zarar ta ƙosa, a cire ɓawon. Goyon da ya faɗi ƙasa, da wanda tsuntsu ko tsutsa suka buɗe wa baki, a tara su daban tun a gona.

Mataki na huɗu: shanya

Nan ne ake yin yawancin ɓarnar, kuma abin takaici nan ne Allah ya fi hore mana, don rana ba ta yi mana rowa. Matsalar ita ce tarawa. An tuge gyaɗa an jibge ta da harawarta wuri ɗaya, an tafi yankan gero. Ka cusa hannu cikin tulin bayan kwana biyu, za ka ji ɗumi da gumi. Wannan ɗumin shi ne fumfuna ke aiki. Abin da ya dace, ka kifar da kowane gindi a kan kunya, ganye a ƙasa 'ya'ya a sama, iska na ratsawa, na 'yan kwanaki. Sannan a tsige, a baza kwanson a kan tamfol ko tabarma ko daɓe mai tsabta, shimfiɗa marar kauri, ana juyawa. Ƙasa tsura ita ce gidan fumfunar, kada a shanya a kanta. Gefen kwalta ma da ake yi a hanyoyinmu ba wuri ba ne, ga tayar mota na farfasawa, ga dabbobi, ga ƙura.

Da yamma a tattara a rufe saboda raɓa da ruwan ƙarshen damina, da safe a buɗe da wuri. Kada a kwana biyu a rufe da leda, zufa za ta sauko a kai. Ƙwayar da ta bushe ta sake jiƙewa ta fi wadda ba ta taɓa bushewa ba saurin kamuwa.

Gyaɗa na son danshinta ya sauka zuwa kashi 7 ko 8 cikin ɗari, masara ƙasa da 13. Ba kowa ke da ma'auni ba, amma kunne da haƙori na aiki: ka girgiza kwanso ka ji ƙwaya na kaɗawa a ciki, ka ciza ka ji ta fashe ƙaras, fatar na saɓulewa da murzar yatsa. Ga masara da dawa akwai gwajin gishiri. Samu kwalbar gilashi busasshiya ƙarau, ka zuba hatsin zuwa sulusinta, ka ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da ka shanya ya bushe sosai, ka rufe ka girgiza na minti ɗaya. Bar ta minti 15, ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran ruwa, a mayar rana. In ya zube ƙasa bai kama ba, hatsin ya kusa ko ya kai. Ƙarin yini ɗaya a rana ba ya cutarwa.

Akwai ɗabi'ar yayyafa wa kwanso ruwa kafin a ɓare don kada ƙwaya ta karye, akwai kuma masu jiƙa kaya don ya yi nauyi ko ya cika mudu. Na farkon rashin sani ne, a daina. Na biyun algus ne, kuma cutarsa ta wuce ta aljihun mai saye, ta kai ga hantar 'ya'yansa.

Mataki na biyar: tsinta, da inda abin da aka tsince ke zuwa

Matanmu ba sa buƙatar a koya musu tsinta. Ka zauna kusa da mai ƙuli ka ga yadda take baza gyaɗa a faifai, yatsu na gudu, tana ture yanƙwananniya da mai huji da baƙa da wadda ta tsiro zuwa gefe guda. Wannan aikin na hannu shi kaɗai yana fitar da mafi yawan dafin da ke cikin buhu. A yi shi da rana a waje, ba da fitila ba. Bayan an soya an murje fatar a sake dubawa, domin a lokacin ne tabon da ke ɓoye ke fitowa fili: duk ƙwayar da ta yi ruwan ƙasa mai duhu ko ta ƙi sakin fatarta a cire.

To amma ina tsintacciyar ke tafiya? A nan gizo ke saƙa. Mai kyau ta tafi kasuwa ko ta zama iri, marar kyau kuma a ce ai ba a zubar da abinci. Sai a niƙa ta a yi mai da ƙuli, ko a sayar da ita da araha ga mai yi, ko a miƙa wa yara su tauna, ko a watsa wa kaji. An tattara dafin buhu guda cikin kwano ɗaya, an ba wa mafi rauni a gida. Kuma in an matse mai, yawancin dafin a tunkuza yake zama. Daga tunkuza sai ƙuli, daga ƙuli sai yajin tsire, da kilishi, da datun zogale da rama, da wanda ɗan makaranta ke jefawa cikin garin kwaki. Na san zafin zubar da abin da aka sha wahala a kai, musamman a shekarar tsada. Amma kwano ɗaya ko biyu ne a buhu. A ƙone shi, ko a haƙa rami mai zurfi nesa da gona da rijiya a binne. Ke Inna mai ƙuli, in aka kawo miki gyaɗar da farashinta ya faɗi ƙasa da na kasuwa ƙwarai, ki baza ta a faifai kafin ki biya.

Mataki na shida: ajiya

Gyaɗa ta fi tsira a cikin kwansonta. A riƙa ɓarewa gwargwadon buƙata. Kafin a zuba sabon amfani a share rumbu ko sito tas, a fitar da ragowar bara, a toshe yoyo da ramukan ɓera. Kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango: a jera katako ko itace a ƙasa, a bar tazarar da hannu zai wuce ta baya. Ɗakin kwano marar taga yana tara zafi da rana ya yi zufa da dare, sai an buɗe masa mashigar iska. Da hunturu da bazara iskar Sakkwato busasshiya ce, ita ke yi mana gadi. Haɗarin na dawowa ne daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da iska ta yi nauyi, kayan kuma sun daɗe a ajiye, ƙwari sun fara huda su. A wannan tsakanin a riƙa buɗewa duk bayan mako biyu, a cusa hannu, a shinshina.

Buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro don wake, yana aiki ga masara ma. Iska na ƙarewa a ciki, ƙwari su mutu, fumfuna ta kasa girma, ba tare da an sa magani ba. Sai dai busasshen hatsi kawai ake zubawa, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi daban.

Ga mai saye da mai girki

Yawancin mutanen cikin gari ba su noma masarar da suke ci ba, a kasuwa suke aunowa. Kada ka tsaya kan ta saman buhu. Nutsa hannu har gwiwar hannu ka ɗebo ta tsakiya. In da ɗumi, ko warin ruma, ko ƙwayoyi sun dunƙule, ko gari ya yi yawa a tafinka, wuce gaba. Gara ka sayi tsaba ka kai niƙa da kanka da ka sayi gari ko markaɗaɗɗiyar gyaɗar da ba ka ga asalinta ba, musamman in kunun yaye ko na azumi za a yi.

A gida a tsince masara, a zuba ta cikin ruwa a kwashe duk wadda ta taso sama, sannan a surfa. Surfe na rage dafin sosai, don a fatar ƙwaya ya fi taruwa. Hakan na nufin ya koma cikin dusa, saboda haka dusar masarar da ake zargi ba ta dabbobi ba ce. Agwagi da talotalo da 'yan tsaki su ne suka fi saurin faɗuwa, kaji masu ƙwai su rage yi. Saniya ko akuya mai shayarwa kuwa, in ta ci, wani kaso na dafin na fitowa cikin nononta, kuma tafasa nonon ba ya kawar da shi. Masu kiwon ragunan layya da ke sayen dusa da tunkuza buhu-buhu su ajiye su a busasshen wuri, su guji wadda ta dunƙule. Garin da aka niƙo da laimar surfe a baza shi ya sha iska kafin a rufe. Kuma kada tuwon gida ya zama na masara kullum. Gero da dawa da shinkafa da wake in suna zagayawa, abin da jiki ke tarawa na raguwa.

Sai batun ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasar nan. Mai ɗauke da shi in yana cin aflatoksin, haɗarin kamuwarsa da dajin hanta na iya ninka na mai cin dafin da ba ya ɗauke da ciwon har kusan sau 30. Najeriya ta sa allurar rigakafinsa cikin na yara tun 2004, kuma ta farko ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, don haka ko a gida aka haihu a kai jariri asibiti a ranar, kada a jira suna. Manya su je a gwada jininsu, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko babban asibitin da ke kusa da su. Wanda ba ya da cutar a yi masa allurar, wanda ke da ita a sa shi kan kulawa. In kuma mutum biyu ko uku a gida ɗaya suka kama amai da ciwon ciki, ido ya yi rawaya, ƙafa ta kumbura, bayan an buɗe sabon buhu, a dakatar da cin wannan hatsin nan take, a kai su asibiti, a tafi da kwano ɗaya na hatsin a nuna wa likita.